Oga ya ce in kai karensa ƙauye in sake shi, me ke samun irin waɗannan karnukan?

Direban Barnawa:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen masu sani. Ina tuƙa wani bawan Allah a nan Kaduna, yanzu an masa canjin wajen aiki zuwa Legas kuma gidan da ya kama a can bene ne, mai gidan ya ce shi ba a ajiye masa kare. To yana da kare alseshan, irin na ƴan sandan nan, namiji, zai kai shekara biyar, tun yana ɗan kwikwiyo aka sayo shi kuma kusan ni ke ba shi abinci ni ke masa wanka. Jiya ya kira ni ya ce tunda ƙarshen wata zan je gida wajen Giwa, in saka shi a bayan mota in na wuce Zariya in samu kusa da wani ƙauye in sauke shi, wai ƙauye akwai fili akwai abinci kuma ba za a rasa wanda zai ɗauke shi ba.

Ni dai wlh raina bai kwanta ba. Karen nan bai taɓa kwana a waje ba, bai san komai ba sai shinkafa da kan kifi da ƙashin da ake sayo masa a mahauta, ko ruwa ma a roba yake sha. Shin da gaske irinsu suna rayuwa in an sake su? Akwai wanda ya taɓa ganin ƙarshensu? Sannan ta ɓangaren addini ina da laifi in na yi, tunda ni saƙo aka ba ni?

Maman Sadiya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa na roƙe ka da girman Allah kar ka kawo mana. Mu muna bakin titi ne a hanyar Zariya zuwa Funtua kuma mu ake zubar wa irin waɗannan, mota za ta tsaya da magariba a buɗe ƙofa a rufe a wuce, da safe ka ga kare da bel a wuya yana zaune daidai inda aka sauke shi, duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe ya bi ta. Wasu a nan titin mota ke take su tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya tsira yunwa ce za ta koro shi cikin gari, kuma wane abincin ne a ƙauye? Mu da ƙanzon tuwo ma jiƙa shi muke mu ba kaji, dusa ta awaki ce, gayan tuwon da ya kwana ɗumame ne na yara kafin su tafi makaranta. Ba mu da bolar da ake zubar da shinkafa da nama kamar ta GRA.

Bara wani ya kashe min ƴan awaki biyu da nake kiwo saboda kayan ɗakin ƴata, bai ma iya cinye su ba, yaga su kawai ya yi ya bari. Samarin unguwa suka bi shi da sanduna da duwatsu har bayan makarantar firamare, ni da aka yi wa ɓarna sai da na yi hawaye da na ji kukansa. Wa zan kama ya biya ni? Mai karen yana can birni hankalinsa kwance yana cewa ya kai shi inda zai sake.

Likitan Shanu:

Malam direba, aikina kenan, asibitin dabbobi nake, kuma amsar tambayarka ta farko a gajarce ita ce mafi yawansu ba sa daɗewa, mutuwar kuma ba mai sauƙi ba ce.

Karen ƙauye da kake gani yana yawo ba sakakke ba ne kamar yadda mutanen birni ke zato, kusan kowanne yana da gidan da yake kwana da wanda ke jefa masa wani abu, ya san mahauta, ya san ranar kasuwa, ya san gidan da ake jifa da wanda ba a yi. Kuma suna da iyaka, baƙon namiji in ya shigo taruwa suke su yi masa rubdugu, girmansa ba zai cece shi ba in sun kai huɗu biyar. Raunin cizo in ƙuda ya samu sai tsutsa. Sai kaska, wadda ita ce babbar matsalar alseshan a daji saboda yawan gashi, tana shan jini kuma tana saka musu cutar da ke fasa jini, za ka ga dasashi ya yi fari fat, fitsari ya yi ja, kare ya kwanta. Na gida sun saba da ita tun suna ƙanana suna ɗan jurewa, na Turawa ba sa jurewa. In wajen akwai ƙudan tsando ga sammore, shi ma ya fi kayar da irin na waje. Ga ƙazwa, ga zafin Maris da Afrilu a jikin dabbar da aka yi ta don ƙasar sanyi, ga rashin ruwa da rani tunda rijiya ba a buɗe take ba. Kuma bai iya farauta ba, bin abu da gudu daban, kamawa a ci daban, shi ya sa yake faɗa wa kaji da ƴan awaki da ke ɗaure kamar yadda Maman Sadiya ta faɗa.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali ciwon haukan kare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, tsoron ruwa da dalala da firgita, to sai dai addu'a, babu magani. Karen oganka ko an masa rigakafi bana, allurar ta shekara-shekara ce a nan, wa zai sake masa a daji? Zai yi faɗa da karnukan da ba a taɓa yi wa ba, kuma shi ya saba da mutane ba ya gudunsu, yaro zai miƙa masa hannu.

Tunda maganar ta zo bari in faɗa don masu karatu. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, kar a ɗaure, kar a tsaya shafa toka ko ƙona gashin karen a saka a ciwon kamar yadda ake yi, a tafi asibiti ranar a fara allura, kuma a ƙarasa ta duka ba a yi ɗaya a bari ba. In an san karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba jira za a yi ba, ana allurar ana lura. Ciwon yana iya ɓoyewa wata ɗaya zuwa uku kafin ya fito, wani lokacin har ya fi haka, shi ya sa mutane ke cewa ai ciwon ya warke.

Abin da zan ce ka gaya wa oga: ya nemo katin rigakafin karen, in ya wuce lokaci a sabunta, allurar ba ta da wahalar samu, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda ke nan tun 1924, tana yin ta, akwai kuma ta waje. A masa fiɗiya in zai yiwu. Sannan a nemi mai karɓa hannu da hannu. Lafiyayyen alseshan mai shekara biyar ba ya rasa mai so a Kaduna, masu gidan gona da kamfanonin gadi da masu kiwon kaji suna nema, asibitocin dabbobi ma sukan san wanda ke cigiya, har asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Zariya kan hanyarka yake, ka tsaya ka yi tambaya. In kuma kare ya tsufa ko yana da ciwon da ba ya warkewa ko yana cizo ba wanda zai iya da shi, akwai allurar da likita ke yi ya yi barci ya wuce ba tare da azaba ba. Mutane na jin nauyin wannan, amma ni da na ga yadda suke ƙarewa a bakin titi na san wanne ya fi tausayi.

Abu Hanifa 85:

Ni fa ban ga abin dogon bayani ba. Asali ma ajiye kare a gida ba kyau, mala'ikun rahama ba sa shiga. Kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ai cewa aka yi ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, kenan sakin shi ne mafita. Ka sake shi kawai Allah zai ciyar da shi, mutane ma suna kwana da yunwa a ƙasar nan balle kare.

Malam Na Zaure:

Ɗan'uwa Abu Hanifa, Allah ya ƙara mana fahimta baki ɗaya, hadisin da ka kawo sahihi ne amma ka duba abin da ya sa aka ambaci sakin. An ambace shi ne saboda kyanwa in ka sake ta a cikin garin da ta sani za ta kama ɓera da ƙadangare ta rayu, wato hanyar cin abincinta ce aka toshe. To dabbar da kai ka san ba ta iya nema ba, likita ya gama bayani yanzu, ka ɗauke ta daga inda ta sani ka jefar inda ba ruwa ba abinci, wannan ai ya fi kusa da abin da matar ta yi, igiyar ce kawai babu. Sannan ga cutar da maƙwabta, an ce la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa, awakin baiwar Allahn can da yaran ƙauyen da za a iya ciza duk suna da haƙƙi.

Maganar ajiye kare kuwa, hadisi ya yi togiya da na farauta da na kiwo da na gona, wanda ya ajiye ba don ɗayan waɗannan ba ladansa na raguwa kullum. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kai in akwai buƙata, har ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid mai Risala ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka ce masa Imam Malik ya karhanta sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bautawa ce kawai, ba don najasa ba. Amma ko mu ɗauka oga ya yi kuskure tun farko da ya sayo shi don ado, kuskuren nasa ne ba na karen ba, tunda ya shigo hannunsa ciyar da shi ya hau kansa har ya miƙa shi ga wani. Mun san mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya riƙo da baki ya shayar da kare Allah ya gafarta masa, sahabbai suka tambaya ko muna da lada a dabbobi, Annabi (SAW) ya ce a kowace ɗanyar hanta akwai lada.

Kai kuma malam direba, cewa saƙo aka ba ka ba zai ɗauke maka ba tunda hannunka ne zai buɗe ƙofar motar. Ka same shi cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe a ba ni lokaci in nemo mai karɓa, ba na jin zai ƙi, shi ma so yake ya rabu da nauyin.

Direban Barnawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita katin yana nan, na duba an masa ta ƙarshe watan Nuwamba. Amma akwai wani da ya ce in kawo zai saya dubu goma sha biyar, ya ce yana kai su Filato ne, ban gane ba ko kiwo ne.

Bazamfare:

Wanga ba kiwo ba ne malam, kasuwar Dawaki za ya kai shi, can ƙaramar hukumar Kanke, babbar kasuwar karnuka ta, daga nan a loda su mota zuwa Kalaba da Akwa Ibom inda aka cin su. Masu saye suna zagayawa ƙauyukkanmu da kejin ƙarfe bisa babur tun da daɗewa. Ni ban zagin abincin kowa, amma ka san abin da kaka sayarwa, in niyyarka ya rayu to ba nan ba ne.

Ni abin da nika son in ƙara, ba duka karen da ka gani a daji ne aka jefar da gangan ba. Mu garinmu gaba ɗaya munka tashi saboda ƴan bindiga, da dare, mata da goyo, tsofaffi bisa amalanke, wa za ya tsaya neman kare? Wasu sunka biyo mu har inda mota ta ɗauke mu, direba ya ce mutane ma ba su samu wuri ba. Mutanenmu da na Sakkwato da sunka tsallaka Maraɗi a 2019, wajen Gidan Runji, haka sunka baro nasu. Kuma karnukan nan su ne masu tashe mu in an shigo da dare, shi ya sa ɓarayin ma su suka fara harbi. Da munka koma ɗibar abin da ya rage a rumbu mun iske sun haɗa garke, sun rame har kana ƙirga haƙarƙari, wasu sun koma ba su yarda da mutum, nawa ya gane ni ya taho yana kaɗa wutsiya amma ya ƙi bari in taɓa shi. Abin da ya fi ciwo, wanda ban son faɗi, in an kashe mutane a daji ba a samu zuwa ɗauko su da wuri ba, karnukan ga da yunwa ta ci su ne ka riga mu isa. Mu dole ta sa munka bar namu kuma har yau abin na cikin raina. Oganka ba wanda ya kore shi da bindiga, yana da waya yana da mutane, ya nemi mai riƙo.

Ɗalibi a Konya:

Allah ya kawo muku zaman lafiya Baba Bazamfare, jikina ya yi sanyi.

Ina karatu a Turkiyya kuma nan ma rigimar kenan, don kar a ɗauka mu kaɗai ne. Mutane su sayi ɗan kwikwiyo mai tsada saboda yara, ko lokacin hutun bazara a garuruwan bakin teku, in ya girma ko hutu ya ƙare sai a kai shi bakin daji ko wani ƙauye a sauke, dazukan gefen Istanbul cike suke da su masu sa kai na kai musu abinci a mota. Daga 2004 zuwa 2024 dokarsu ita ce a kama, a yi fiɗiya, a yi rigakafi, a saka alama a kunne a mayar inda aka ɗauko, amma ƙananan hukumomi da yawa ba su yi aikin yadda ya kamata ba, har gwamnati ta ce karnukan titi sun kai wajen miliyan 4, ana ta samun cizon yara da haɗarin mota. A watan Yulin 2024 majalisa ta canza dokar, yanzu kwashe su ake a kai matsuguni, masu ciwon da ba ya warkewa da masu haɗari a kashe, aka yi ta zanga-zanga a kai. Kuma sun taɓa gwada kwashewa a 1910, aka tara dubun dubatar karnukan Istanbul aka zuba a wani tsibirin dutse da ake kira Sivriada ba ruwa ba abinci suka mutu a can, har yau mutanen garin na ambaton abin da kunya, kuma karnuka suka sake cika gari. Abu ɗaya da na ga yana da amfani shi ne yanzu dole ka saka wa karenka ɗan ƙaramin cip a ƙarƙashin fata mai lambarka, in aka tsince shi a daji an san na waye kuma akwai tara mai nauyi. Da muna da ko rajista ce a wajen mai unguwa da Maman Sadiya ta san wanda za ta kama.

Maman Sadiya:

Wace rajista ɗana, mu nan in sun yi yawa fiya-fiya ko shinkafar ɓera ake zubawa a hanjin kaza a ajiye a bola, shi kenan.

Likitan Shanu:

Hajiya dan Allah ku daina wannan, ki gaya wa mai unguwarku inji ni. Guba ba ta zaɓe, karen maƙwabci mai gadi zai ci, kyanwa za ta ci, kaji za su tsattsaga ku kuma ku ci kajin, angulu ta sauka kan mushen ta mutu alhali ita ke share mana mushe kuma dama ta kusa ƙarewa a garuruwanmu, ga yara masu wasa a bola. Sannan ba ta rage haukan kare, an gwada a ƙasashe da yawa, in ka kashe na unguwa wasu ne za su shigo daga waje su cike gurbin tunda abincin da ya tara na farko yana nan, kuma ba ka san lafiyar sababbin ba. Abin da aka tabbatar yana yanke cutar shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi a kuma maimaita duk shekara. Jihohi da yawa suna yin ta kyauta wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya, in dagaci ya rubuta wa sashen dabbobi na ƙaramar hukuma ya ce an tara karnuka wuri ɗaya ya fi sauƙi a turo ma'aikaci, mu ma abin da ke ba mu wahala kenan, mu je gari a ce karnukan sun bi masu su gona.

Malam direba, wanda zai karɓa ka je da kanka ka ga gidan, akwai katanga ko inuwa, wa zai riƙa ba shi abinci, ya taɓa riƙe babban kare. Ka tafi masa da robar abincinsa da sarƙarsa da katin, ka gaya musu abin da ya saba ci don in aka canza masa lokaci ɗaya zawo zai yi. Makon farko a ɗaure shi ko a rufe get sosai saboda zai nemi hanyar komawa Barnawa, a nan ake yawan rasa su. In ka rasa kowa kafin ƙarshen watan ka min magana ta inbos, akwai masu gidan gona biyu a hanyar Kachia da suka ce in na ji labari in sanar da su.